Tutar da Dewey Ya Saya wa Kansa

Dewey Caudill ya rasu ranar Talata da hantsi, a durƙushe cikin lambun tumatirinsa, da guntun igiya a hannu. Shekararsa saba'in ba ɗaya. Ashirin da takwas daga cikinsu ya yi su yana kofur a Rundunar Sa-kai ta Jiha, a reshen garin Harmon Gap da suke kira kamfani, kuma a tsawon lokacin nan ya ninke tuta a kan akwatin gawar tsofaffin sojoji sau ɗari huɗu da goma sha ɗaya. Ninkin aikin mutum biyu ne. Duk sau ɗari huɗu da sha ɗayan nan, Sajan Harlan Stidham ne ke riƙe da ɗaya bakin tutar.

Rundunar ba ta biyan albashi, ba ta ba kowa bindiga, ba a kuma tura ta ƙetare. Ta gwamna ce, shi ma gwamnan sai ruwa ya ci gari yake tunawa yana da ita. In kogi ya fasa, su ake kira su cika buhunan yashi, su jera gadaje a zauren makaranta, su raba ruwa da barguna. In wani tsoho da hankalinsa ya gushe ya ɓace a daji, su ke jeruwa da sanduna su bi dawa suna kiran sunansa. Sauran kwanakin shekara kuwa, atisayen Asabar ɗaya a wata, sai jana'iza. A cikinsu akwai tsofaffin sojoji da gwiwa ta gaji amma kunne bai daina marmarin oda ba, da malaman makaranta biyu, da ma'aikaciyar jinya, da mai sayar da tayoyi. Kwamandansu likitan haƙori ne. Mutanen gari na kiransu sojan Asabar, ban da makon da ruwa ya shiga ɗakunansu.

Dewey bai taɓa zama sojan ƙasa ba. Yana ɗan shekara sha takwas ya je neman shiga har sau uku, a garuruwa uku, kowane likita kuma ya gano abin da na farko ya gano: kunnen hagu ya mutu tun wani zazzaɓin yarinta. Harlan shi ya yi shekara huɗu yana gyaran manyan motocin soja a Jamus, bai taɓa jin ƙarar harsashin da aka harba don a kashe wani ba, ya dawo da takardar sallama. Wannan takarda ita ke sa a turo masu tuta da begila, ƙahon soja, ranar da mutum ya mutu. Harlan na da ita a cikin wani tsohon gwangwanin biskit. Dewey ba shi da ita ko'ina.

Shekara biyu baya, sun gama binne wani tsoho da ya yi yaƙin Koriya, suna zaune a motar Harlan suna cin burodi da soyayyen ƙwai, sai Dewey ya juyo.

"Sajan, ranar tawa wa zai riƙe maka ɗaya bakin?"

"Lonnie."

"Lonnie? Mutumin da ko tawul bai iya ninkewa ba? Ai jan tutar zai leƙo ta kowace kusurwa."

"To kada ka mutu."

"Da gaske nake yi. Ka san ba ni da takarda."

Harlan ya gama taunar abin da ke bakinsa, ya kakkaɓe ɓurɓushi daga wandonsa.

"Za ka samu tutarka, kurman banza. Ninki goma sha uku, da begila. Ni na faɗa."

"Faɗa a kunnen da ke ji."

Harlan ya sunkuya ya faɗa a kunnen da ke ji.

Ranar Laraba ya je wurin Mista Fugate, mai gidan shirya gawa, mutumin da ke magana a hankali ko da farashin fetur ake zance.

"Sajan, in babu takardar sallama sojan ƙasa ba za su turo kowa ba, ba ni na kafa dokar ba. Tuta dai matarsa ta ce akwai. Zan shimfiɗa ta a kan akwati, wannan ba laifi ba ne. Ninki da begila kuwa, kai da mutanenka."

Daga nan ya zarce asibitin haƙori. Manjo Whitlock ya fito masa a lungu da takunkumi a ƙarƙashin haɓa, yana cire safar roba yatsa bayan yatsa.

"Na ji, na ji. Allah ya jiƙansa. Matsalar ita ce, odar da ke hannunmu ta jana'izar masu takarda ce. Dewey namu ne, amma ba ya cikinta. Sai an nemi ta musamman. Na riga na rubuta."

"Ga wa, yallaɓai?"

"Ga bataliya. Bataliya ta tura hedikwata, hedikwata ta sa hannu, ta dawo ta hanyar da ta bi. Kwana uku ai sun isa."

"Asabar ne, ƙarfe goma sha ɗaya."

"Na sani. Ni ranar ina babban birni, taron likitoci, amma wayata na aljihu. Da ta faɗo zan turo maka. Kai ne babba a wurin."

"In ba ta faɗo ba fa, yallaɓai?"

Manjo ya jefa safar a kwando.

"Ni kake tambaya, Sajan? Kai ka koya mini dokar nan."

Gaskiya ne, shi ya koya masa, kamar yadda ya koya wa duk wanda ya shigo kamfanin cikin shekara talatin. A gundumar akwai wasu mutane da ke taruwa a wani tsohon ramin kwal a bayan dutse, su ma da kaki, su kuma da bindigogi, suna kiran kansu runduna, suna jiran ranar da ƙasa za ta ruguje su ceci abin da ya rage. Daga nesa ba ka bambanta su da mutanen Harlan: ciki iri ɗaya, furfura iri ɗaya, kakin ma shago ɗaya ake saya. Abin da ya raba su takarda ce guda mai sa hannu. Harlan kan tsayar da sabon shiga a rana ta farko ya ce masa, "Kakin nan ba naka ba ne ko da kai ka saya. Ranar da ka sa shi ba oda, kai da mahaukatan ramin kwal duk ɗaya." Ba a baki kawai ya tsaya ba. Shekara tara baya Roy Gene Combs ya sa kakinsa ya raka 'yarsa gaban fasto ranar aurenta. Harlan ya halarci bikin, ya ci kek, washegari ya rubuta rahoto. Aka sallami Roy Gene bayan shekara goma sha huɗu yana cika buhu. Tun daga ranar, in sun haɗu a kanti, Roy Gene sai ya canza layi.

Ranar Alhamis da yamma Harlan ya shiga gidan Dewey ta ƙofar baya, kamar kullum. Teburin ɗakin girki ya cika da kwanonin da matan coci suka kawo: wake, burodin masara, soyayyar kaza, abincin mutum arba'in a gidan da mutum ɗaya ya rage. Nadine, matar Dewey, gajeruwa ce mai ƙaƙƙarfan hannu, ta shekara talatin tana dafa wa yaran makaranta abinci. Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta shiga ɗaki ta fito da tuta a kan hannayenta biyu.

"Ya sayo ta tun makon da kuka yi maganar nan a mota. Tana ƙarƙashin zanen gado. Kowace shekara sai ya fito da ita ya goge, ni kuwa rigata ko sau ɗaya bai taɓa goge mini ba."

Harlan ya shafa ɗinkin taurarin da bayan yatsa. Auduga ce mai nauyi, irin ta gaske.

"'Yar'uwa Nadine, an rubuta neman oda. Manjo ya ce kwana uku sun isa."

"Bai ce mini komai game da oda ba, ɗan'uwa Harlan. Ya ce za ka zo. Ɗauki kazar nan ka tafi da ita, tun da matarka Ruth ta rasu na san abincin gwangwani kake buɗewa."

Ya ɗauka. Ranar Juma'a ya bi ta zauren atisaye ya ɗauko begila, ya sa mata sabon batir. Mai busa na gaske na ƙarshe a kamfanin ya rasu da daɗewa, abin da ya rage begila ce da aka cusa wa wata 'yar na'ura a baki. Ka danna maɓalli, ka ƙirga biyar, ka kai ta leɓe, ka kumbura kumatu, na'urar ta yi busar. Daga nesan taku ashirin ba wanda ke ganewa, kuma masu makoki ba su cika duba ba. Ya kira mutum takwas ɗaya bayan ɗaya, ya faɗa wa kowa magana guda: a zo da kaki a goge cikin but ɗin mota, a tsaya a filin ajiye motoci na coci, kada a sa sai ya ce.

Maƙabartar na kan tudu, a bayan coci. Daga filin motoci zuwa kabarin bai fi taku ɗari ba, kana iya ganin koriyar rumfar da Fugate ya kafa, da kujerun ƙarfe, da tulin jar ƙasa da aka lulluɓe da ciyawar roba don kada ta tsorata kowa. Ranar Asabar ƙarfe goma duk sun iso. Motoci tara a jere, but tara a buɗe, a kowanne kaki na kwance cikin leda da takalmi mai sheƙi a gefe. Masu kakin kuma suna tsaye cikin baƙaƙen kwat na zuwa coci, waɗanda suka matse su a kafaɗa.

Lonnie Begley, mai sayar da tayoyi, ya jingina da motarsa har ta ɗan duƙa.

"Sajan, wayar nan taka tana da rai kuwa? Ko irin kunnen Dewey ce?"

"Tana da rai."

"Ɗaga ta sama. Nan tudun sai ka tsaya kusa da kabarin tsohon alƙali kake samun sabis. Ko a mace shi ke da hanya."

Wasu suka yi dariya kaɗan, suka daina. Harlan ya taka zuwa kabarin alƙali, ya ɗaga waya, ya dawo. Ƙarfe goma da rabi ya kira Manjo. Ta yi ta ƙara, sannan saƙo ya shigo: yana cikin taro, bai ga komai ba tukuna, yana dubawa.

Opal Sizemore, ma'aikaciyar jinya, wadda ita ce ƙaramarsu duk da shekarunta hamsin da huɗu, ta duba agogonta.

"Sajan, minti goma sha biyu nake buƙata in shirya. Lonnie yana buƙatar ashirin, da mai taya shi jan bel."

"Ke dai ki ji da naki," in ji Lonnie. Sai ya miƙe tsaye, ya sassauta murya. "Harlan. Ba Sajan nake kira ba, Harlan. Mu sa kawai. Wa zai gani? Gwamna na nan ɓoye bayan bishiya?"

"Ni zan gani."

"To rufe ido. Minti ashirin ne. In an tambaya mu ce ba mu sani ba."

"Mun sani."

"Mutumin nan ya ɗauke uwata a bayansa daga saman rufi shekarar babban ruwa. Kana wurin."

"Da oda ya ɗauke ta."

"Wallahi da ba odar ma da ya ɗauke ta, kai ma ka sani!"

Harlan ya sake duba waya. Cocin ta buɗe, aka fito da akwatin, tutar na shimfiɗe a kansa, taurari ta wajen kafaɗar hagu yadda ya kamata. Mutane suka biyo baya a hankali. Can a ƙarshen layi ya hango Roy Gene Combs, ya tsufa, yana dogara sanda. Roy Gene ya tsaya ya dubi motoci tara da but tara a buɗe, ya dubi Harlan, ya ci gaba da hawa tudu.

Abin da ya ɗaure wa Harlan hannu ke nan. In ya sa kakin yau saboda abokinsa, to bai kori Roy Gene don doka ba, ya kore shi ne don ba abokinsa ba ne. In kuma haka ne, shekara talatin ɗin nan ba runduna yake ciki ba, ƙungiyar tsofaffi ce masu son sa kaya. Ya san Dewey ma zai gane wannan. Dewey na tsaye a gefensa ranar da ya miƙa rahoton, bai hana shi ba. Da yake abin ya zo masa da sauƙi haka, ya kamata ya yi shakkar wannan tunanin, amma bai yi ba.

"Har yanzu da lokaci," ya ce. "Fasto zai yi minti ashirin. Za ta faɗo."

"In ka ce mu sa, za mu sa," in ji Opal. "In ka ce kada mu sa, ba za mu sa ba. Amma ka ce wani abu."

"Na ce a jira."

Suka jira. Mutum takwas da kowannensu ya san yadda ake buɗe leda, ba wanda ya miƙa hannu, domin shi ya horar da su, kuma ya horar da su da kyau.

Fasto ya yi minti ashirin, ya waiwaya wajen motoci, ya ƙara goma. Ya karanta zaburar da ba ta cikin shiri. Ya nemi a sake rera waƙa, aka sake, muryoyin tsofaffi suna hawa da ƙyar. Nadine na zaune a kujerar gaba, jakarta a kan cinya, ta riƙe ta da hannu biyu. Sau ɗaya kawai ta juyo. Daga nesan nan Harlan bai iya ganin idonta, ya dai ga fuskar ta tsaya a kansa ƙirga uku ko huɗu, sannan ta koma ga akwatin.

Ƙarfe goma sha biyu saura kwata Mista Fugate ya ɗaga hannu a hankali, ma'aikatansa biyu suka matso. Suka ɗaga tutar da ladabi, suka haɗa baki da baki, suka sake haɗawa, suka ninke ta murabba'i, yadda ake ninke zanen gado in an ɗauko daga igiya. Ja da fari duk a waje. Ɗaya ya miƙa wa Nadine ya ce wani abu. Aka saukar da Dewey.

Lonnie ya rufe but ɗinsa da ƙarfin da ya sa mutanen rumfa suka waiwayo.

"An ba mu odar zuwa cin abinci, Sajan, ko shi ma mu jira?"

Harlan bai shiga zauren coci cin abinci ba. Ya zauna a mota da waya a kan gwiwa har filin ya watse.

Odar ta faɗo ranar Litinin, ƙarfe tara da 'yan mintoci, yana tsaye a ɗakin girki yana shan kofi. Manjo ya biyo ta da kira.

"Ka gani? Sun amince. Ka duba kwanan watan, Sajan, tun Juma'a ƙarfe huɗu aka sa hannu. A bataliya ta kwana. Ka san Laftanar-kanar ɗin namu inshora yake sayarwa, ya rufe ofis da wuri ya tafi kamun kifi da surukinsa, sai yau ya buɗe saƙonninsa. Ba wanda za a ce ya yi laifi, kowa sa-kai yake yi. Amma dai ka ga, a takarda an karrama Dewey."

"Na gani, yallaɓai."

"Ka yi daidai da ka jira. Zan sa wannan a rahoto."

Ya buga takardar a injin da Ruth ta bari, ya ninke ta ya sa a aljihun ƙirji. Ya yi aski, ya buɗe leda, ya sa kakin, ya ɗaure bel, ya share bakin hula da hannun riga. Ya ɗauki begila. Wannan karon ta ƙofar gaba ya je gidan Dewey, ya ƙwanƙwasa.

Nadine ta buɗe. Ta dube shi daga hula zuwa takalmi.

"Ka yi kyau, ɗan'uwa Harlan."

"Odar ta zo. Tun Juma'a aka sa mata hannu, a hanya ta tsaya." Ya ciro takardar. Ba ta miƙa hannu ba. "Na zo ne ki ba ni tutar. Zan kira Opal, mu hau tudu mu yi yadda ya kamata. Ko yau, ko ranar da kika ce."

"Shigo."

Kwanonin sun ragu a kan tebur. Tutar na gefe, a ninke kusurwa uku, taurari a kan shuɗi, babu ja ko ɗigo. Harlan ya tsaya yana kallonta. Ya san hannun da bai ƙware ba, ya kuma san wanda aka koya wa da kyau. Wannan an koya masa da kyau.

"Wa ya ninke?"

"Ni. Na ɗora injin ɗinki a kan ɗaya bakin." Ta jawo jakarta daga kan kujera, ta buɗe, ta ciro farar safar hannu guda biyu ta ajiye a kan tebur. "Duk lokacin sanyin da ya wuce, tun da likita ya gaya masa halin zuciyarsa, a nan muke yi bayan cin abinci. Yana tsaye can, ina nan. Ya yi ta yi mini tsawa, ja ya leƙo, Nadine, warware. Na ce masa wai me ya sa sai ni, ba ga Lonnie ba, ba ga Opal ba? Ya ce, su ƙila su ji tsoro, ba laifinsu ba ne. Amma Harlan zai hawo ko shi kaɗai ne, kuma mutum ɗaya ba ya ninki. In kin gan shi yana tahowa, ki sa safa ki miƙe."

Harlan ya dubi safar a kan tebur.

"Tana cikin jaka ranar Asabar. Har na zura hannun dama a ciki, don kada in ɓata maka lokaci."

"'Yar'uwa Nadine, da na san an sa hannu..."

"Na sani. Da ka sani da ka hawo." Ta mayar da safar cikin jaka, ta ja zif. "Tutar ta ninku, ba zan warware ta ba. Ka gaishe da Manjo. In kana son wake akwai saura, zai lalace."

Ya hau tudu shi kaɗai. An kwashe rumfa da kujeru da ciyawar roba, jar ƙasa ta fito fili, furanni sun fara yaushi a kanta. Can ƙasa wani ma'aikaci na yanke ciyawa a kan ɗan ƙaramin inji, da abin toshe kunne a kansa. Harlan ya tsaya a gefen kabarin, ya haɗa dugadugai. Da yake bai taɓa fara aiki ba tare da karanta oda ba, ya ciro takardar ya buɗe, ya karanta ta tun daga sama, wannan karon har ƙasa. An amince wa mutum tara na kamfanin Harmon Gap su sa kaki don karrama Kofur D. Caudill. Ranar Asabar, daga ƙarfe tara na safe zuwa ƙarfe biyu na rana.

Ya sake karanta layin. Yau Litinin. Tun da ya ɗaure bel a gidansa, ya bi ta tsakiyar gari, ya tsaya a danja kusa da kantin magani, ya ƙwanƙwasa ƙofar Nadine, duk cikin kaki yake ba oda.

Ya tsaya yana jiran ya ji wani abu ya canza. Kakin na nan yadda yake, ya ɗan matse shi a hammata kamar kullum. Ba wanda ya tare shi a hanya. Wata mata ma ta ɗaga masa hannu a danja. Mai yankan ciyawa ya zo ƙarshen layi, ya juya injinsa, ya koma, bai ko ɗaga kai ba. Ashe nauyin abin ke nan gaba ɗaya. Taku ɗari ne, da minti ashirin.

Ya ninke takardar ya mayar aljihu. Gobe zai rubuta rahoto a kan kansa, ya san zai rubuta, ya kuma san Manjo zai karanta ya yi dariya ya jefa a kwando tare da safar roba. Roy Gene kaɗai ne a gundumar nan zai ɗauki maganar da muhimmanci.

Ya ɗaga begila, ya sa yatsa a kan maɓalli, sai ya dakata. Ya dubi inda aka kafa ɗan allon suna, ya lissafa inda kai yake da inda ƙafa take. Ta hagu yake tsaye. Ya zagaya ta ƙafa, yana kaffa-kaffa kada takalminsa ya taɓa jar ƙasa, ya koma ta dama, wajen kunnen da ke ji. Ya danna, ya ƙirga biyar, ya kai ta leɓe. Na'urar ta yi busarta tsaf, ba kuskure, irin wadda ta yi wa kowa, injin yankan ciyawa na ruri a ƙarƙashinta.